Ana gayyata ta amma tsoro ke hana ni zuwa: tambayoyi da amsoshi kan fargabar shiga mutane

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi akan matsalar nan ta a gayyace ka wani waje, ka ce "in sha Allah zan zo", ranar na ƙaratowa cikinka ya ɗuri ruwa ka fara laluben ƙaryar da zaka yi. Tun farko in faɗa, ni ba likita bane, mutum ne dai da ya sha fama da abun shekara da shekaru kuma ya ɗan yi karance-karance akai, to na haɗa abunda na karanta da abunda ya min aiki.

Me yasa duk sanda na fasa zuwa wani waje nake jin wani sanyi a raina, amma anjima kuma haushin kaina ya kama ni?

Wannan sanyin da kake ji shine tushen matsalar, duk da a lokacin kamar magani yake. Akwai wani ɗan guntun waje a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa kamar na maigadi ne, da ya hango abunda yake zaton haɗari ne sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta fara dukan uku-uku, tafin hannu yayi gumi, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Matsalar maigadin nan bai iya bambance kura da ɗaki cike da mutane ba, duk ɗaya ne a wajensa. To da ka ɗau waya ka tura "wlh wani uzuri ne ya taso min", nan take ƙararrawar ta mutu, kaji daɗi, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta rubuta a littafinta cewa gudun nan ne ya cece mu. Gayyata ta gaba in tazo da wuri zata buga ƙararrawar kuma da ƙarfi fiye da na baya, tunda ta ga dabarar na aiki. Kaga kenan kai da hannunka kake kiwon tsoron, kuma abun takaicin baka taɓa samun damar ganin cewa da kaje ɗin ma babu abunda zai same ka ba.

Haushin da ke zuwa daga baya kuwa shaida ce cewa kana son zuwan. Wanda baya so ai baya jin haushi, barcinsa yake sha.

To ba gara in bari sai na samu ƙwarin gwiwa tukunna sannan in fara fita ba?

Haka nima na ɗauka, na daɗe ina jira, shiru kake ji. Ƙwarin gwiwa baya shigewa gaba, a baya yake biyowa. Ka tuna sanda kake koyon keke, ba wanda ya zauna a ɗaki har saida yaji a ransa ya iya sannan ya hau, hawa kayi ƙafa na rawa ka faɗi ka tashi, wata rana kawai ka ganka kana tafiya har kana sakin hannu ɗaya. Shiga mutane ma haka yake. Abunda muke gani a wajen wasu muna cewa "wane ai baya jin kunyar kowa" tarin ranaku ne da suka je wurare suka dawo lafiya har jikinsu ya saba. Don haka tsoron ba sai ya tafi ba kafin ka fita, ka tafi dashi a aljihu tare da makulli da waya.

Wai wannan kunya ce kawai ko kuwa cuta ce?

Ya danganta da yanda ta kai. Kunya kam kusan kowa na da nashi kason. Philip Zimbardo na Jami'ar Stanford yayi bincike a shekarun 1970, wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ya tambaya suka ce su masu kunya ne a lokacin, sama da kashi 80 kuma suka ce sun taɓa zama masu kunya a wani lokaci na rayuwarsu. To in ka shiga ɗaki mai mutum goma kana ganin kai kaɗai ne a takure, wataƙila akwai uku ko huɗu da ke cikin irin halinka, kowa ya daure fuska ne kawai.

Amma akwai inda abun ke wuce kunya ya zama lalura. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya tsoron shiga mutane a kundinta na cututtuka a 1980, kuma ma'aunin da ake bi yanzu shine tsoron ya kai wata 6 ko fiye, ya fi ƙarfin abunda ake tsoron, kuma ya zama yana hana ka karatu ko aiki ko mu'amala. A Amurka ƙididdiga ta nuna wajen kashi 7 cikin 100 na manya na fama da ita a cikin shekara guda, wajen kashi 12 kuma sukan gamu da ita a wani lokaci a rayuwarsu. Yawanci tun ƙuruciya take farawa, wajen shekara 13, shi yasa da yawa suke ɗauka halittarsu ce haka.

Ni fa inaga ba tsoro bane, kawai bana son hayaniya. Dole ne sai na canza?

Ba dole. Tun 1921 masanin halayyar ɗan adam Carl Jung ya yi bayanin mutanen da hankalinsu ya fi karkata ciki da waɗanda nasu ya fi karkata waje, kuma babu wanda aka ce shine mai lafiya a ciki. Akwai mutumin da taro ke zuƙe masa caji kamar tsohon batir, yana buƙatar ya koma ɗaki shi kaɗai ya huta, wannan ba matsala bace. Sai dai ayi hattara, don tsoro gwani ne wajen sa rigar "ni dama bana so". Ga yanda nake gwada kaina: da za'a bani tabbacin cewa ba wanda zai min kallon banza, bazan yi wani abun kunya ba, zan je? In amsar a'a ce har yanzu, to da gaske bana so, in zauna abuna. In kuwa naji zuciyata tace "ai da gudu ma", to tsoro ne, kar in yaudari kaina.

Kenan duk gayyatar da aka min sai na amsa?

A'a ɗan'uwa, wannan hanyar gajiya ce, sati biyu zakayi ka watsar. Akwai masu cewa wai ka ɗau shekara guda kana cewa eh ga komai, ni dai ban yarda da wannan ba, mai fargaba in ya cika wa kansa kaya ranar da ya faɗi faɗuwar zata yi muni. Abunda yafi shine ka yanke adadi tun kafin gayyatar tazo, misali ɗaya a sati, ko biyu cikin duk uku da aka maka. Amfanin yankewa tun da wuri shine shawarar bata hannun tsoro, don in ka bari sai ranar ne zaka duba "yanda jikinka yake", to wlh kullum jikin zai ce baya jin daɗi.

Kuma in zaka ƙi, ka ƙi kai tsaye ba tare da dogon labari ba, "nagode sosai, wannan karon bazan samu zuwa ba, amma na gaba kar a manta dani". Julian Givi da Colleen Kirk sun fitar da wani bincike a 2023 da ya nuna mutane na kambama yanda mai gayyata zai ji haushi in aka ƙi, a zahiri bai kai yanda muke zato ba. Abunda ke ɓata wa mutane rai shine ka amsa, a shirya da kai, saura awa ɗaya ka turo mesej.

Ta ina zan fara? Ko tunanin babban taro nayi sai naji jiri.

To ka bar babban taron tukunna. Akwai wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, da tun 1958 ya shimfiɗa hanyar tunkarar tsoro mataki-mataki, kuma shi ya kawo ma'aunin tsoro na 0 zuwa 100 da har yau ake amfani dashi. Ka ɗau biro da takarda ka jera abubuwa kamar goma da kake gudu, kowanne ka bashi maki gwargwadon yanda yake tayar maka da hankali. Naka ba zai zama irin na wani ba, amma misali gaishe da maƙwabci ka ƙara da tambaya ɗaya zai iya zama 20, ɗaga waya in an kira maimakon ka bari ta katse ka tura mesej 35, zama da abokan aiki lokacin hutu 45, ziyarar aboki alhali kasan akwai wasu baƙi 60, biki inda mutum ɗaya ka sani 80, tashi kayi magana a gaban jama'a 95.

Ka fara da na wajen 30 zuwa 40, wanda zai ɗan ciza amma ba zai kayar da kai ba. Ka maimaita shi, ba sau ɗaya ba, sau huɗu sau biyar a kusa-kusa, har ka ga ya fara zama ba komai, sannan ka hau na gaba. Maimaitawar nan ita ce mutane ke tsallakewa, sai mutum yayi jarumta sau ɗaya ya je wani ƙaton taro ya dawo a galabaice, sannan yayi wata uku bai leƙa ko'ina ba. Ƙananan fita guda goma sun fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Na amsa gayyatar, ga ranar tazo, jikina sai rawa yake, yatsana na kan waya zan soke. Ya zanyi?

Ki ajiye wayar tukunna 'yar'uwa. Awannin nan na kafin fita su ne mafi muni, sau da yawa sun fi taron kansa wahala, saboda a lokacin ƙwaƙwalwa bata da komai a gabanta sai hasashe, kuma hasashenta baya taɓa kawo mai kyau.

Abu na farko, kiyi yarjejeniya da kanki: zan je inyi minti 30, bayan nan in naga dama in tafi. Kina ma iya gaya wa mai gayyatar tun kafin ki zo cewa ba zaki daɗe ba, shikenan kin buɗe wa kanki ƙofa, ba wanda zai tsare ki da "tun yanzu?". Sau da yawa zaki duba agogo ki ga awa ɗaya ta wuce. Na biyu, kar ki ce wa kanki "zan je taro", ki ce "zan sa kaya", in kin sa "zan sa takalmi", sannan "zan fita ƙofa", ɗaya bayan ɗaya. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa shirin da aka ɗaura akan "in kaza ya faru zanyi kaza" yafi niyya zalla cika, to ki tanadi naki, misali in naji ina son sokewa zan tashi in shiga wanka, in na isa zan fara neman wadda ta gayyace ni in gaishe ta. Numfashi ma na taimakawa, ki ja a hankali ki saki a hankali, sakin ya fi jan tsawo, kamar sau shida. Ba zai kashe tsoron ba, zai dai rage masa murya.

Wata dabara da mutane basu cika zato ba: ki je da wuri. Mai fargaba yafi son ya makara wai don ya saje da jama'a, alhali shiga ɗakin da kowa ya riga ya kama abokin hira yafi wuya akan ki tarar da mutum uku ki gaisa dasu, sauran su zo su same ki a zaune.

Da na shiga waje sai inji kamar kowa ni yake kallo.

Ba kai kaɗai ba, kuma an gwada wannan. A 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji, sun sa ɗalibai sanya riga mai hoton wani mawaƙi da ɗaliban ke jin kunyar a gansu dashi, suka tura su cikin ɗakin da wasu ke zaune. Da aka tambayi masu rigar mutum nawa suka lura, suka ce kusan rabi. Da aka tambayi mutanen ɗakin, wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya faɗin wanda ke jikin rigar. Riga ce fa da aka zaɓa musamman don a lura da ita, to ina ga ɗan gumin goshinka.

Su dai waɗannan masanan sun kuma nuna cewa muna ɗauka abunda ke cikinmu na bayyana a fuska fiye da yanda yake bayyana. Kai kana jin bugun zuciyarka har cikin kunne, na kusa da kai baya ji. Kuma gaskiyar magana, kowa a wajen ta kansa yake, wannan na tunanin ko kayansa sun zauna, waccan na tunanin maganar da ta faɗa ɗazu.

Me zan ce? Kaina kullewa yake, ko kalma ɗaya bata zuwa.

Kan na kullewa ne saboda ka sa shi aiki biyu, yana hira kuma yana gadin kansa, "ya muryata take, ina zan sa hannuna, na cika shiru, me zan ce in ya gama". Rabin hankalinka na kanka, to da me zaka ji abunda mutumin ke faɗa? Maganin shine ka juya hankalin waje da gangan. Ka saurari mutumin kamar za'a maka jarabawa akan maganarsa. In yace jiya ya dawo daga tafiya, ga tambayoyi nan birjik, ina yaje, ya hanya, ya daɗe a can. Tambayar da ta fito daga abunda mutum ya faɗa yanzun nan tafi duk wata wadda ka haddace daga gida, don tana nuna masa kana ji. Sai dai kar ka mayar da abun tambayoyin ɗan sanda, in ka tambayi biyu ka ɗan saki naka ɗaya, "nima rabona da tafiya tun bara".

Ba sai ka zama mai ban dariya ba, ba sai ka burge ba. Yawancin hirar duniya akan zafi da sanyi da cunkoson hanya da gajiyar aiki ake yinta kuma ba wanda ya mutu. Shiru in ya gifta ba naka bane kai kaɗai, ku biyu ne kuka yi shi.

Nicholas Epley da Juliana Schroeder sun yi wani gwaji a jiragen ƙasa da bas-bas na yankin Chicago, suka wallafa a 2014. Wasu fasinjoji aka ce su yi hira da baƙon da ke kusa dasu, wasu aka ce su zauna shiru. Kafin nan mutane sun yi hasashen shirun zai fi daɗi, amma masu hirar ne suka fi jin daɗin tafiyar.

Ni ina zuwa taro fa, ban cika ƙi ba, amma shekara da shekaru tsoron na nan yanda yake. Me ke faruwa?

Wannan tambayar tafi kowacce muhimmanci a wajena, don nan na daɗe a maƙale. Wasu masana, David Clark da Adrian Wells, sun yi bayaninta a 1995. Akwai gudu na fili, wato ƙin zuwa, akwai kuma gudu na ɓoye, wato kaje amma ka ɓuya a cikin taron. Ka zauna a lungu kusa da ƙofa, kai a ƙasa kana latsa waya alhali ba abunda kake dubawa, ka maƙale wa mutum ɗaya tun zuwa har tafiya, ka ƙi haɗa ido, ka tsara jimla sau uku a zuci kafin ka furta har maganar ta wuce, ko ka tsiri aikin kwashe kujeru don kar a ja ka da hira. Duk waɗannan kariya ce, kuma in ka dawo lafiya ƙwaƙwalwa zata ce wayar ce ta cece mu, ba zata ce taron ne ba haɗari ba. Ƙari akan haka kariyar kan jawo abunda ake gudu, mutumin da ke kallon waya fuska a ɗaure ai kama yake da wanda baya son a masa magana, sai a ƙyale shi, shi kuma ya koma gida yace kun gani ko, ba wanda ya kula ni.

To ka gano naka dabarun ɓuyan ka riƙa ajiye su ɗaya-ɗaya. Yau waya na aljihu har minti 20. Gobe ka faɗi abu yanda yazo ba tare da tacewa ba.

Sannan ka mayar da kowace fita gwaji. Michelle Craske ta Jami'ar California da ke Los Angeles ta nuna cewa abunda ke koya wa ƙwaƙwalwa darasi shine ta yi hasashe ya ƙi faruwa, ba wai lallai sai tsoron ya sauka a wajen ba. Kafin ka fita ka rubuta ƙarara me kake tsoron zai faru, kar kace "abun zai yi muni", kace "muryata zata yi rawa, mutum biyu zasu yi dariya", ka sa kashi nawa cikin 100 ka yarda zai faru. In ka dawo ka rubuta abunda ya faru da gaske. Bayan wata ɗaya ka karanta takardar daga sama, zaka sha mamakin yawan ƙaryar da tsoro ya maka.

In na dawo gida sai in kwana ina juya duk abunda na faɗa, ina jin kamar in nutse.

Wannan bitar dare ce, kuma ba adalci a cikinta, saboda abunda kake tunawa yanda kaji ne a jikinka, ba yanda aka ganka ba. Erica Boothby da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2018, suka haɗa mutanen da basu san juna ba suka yi hira, sannan aka tambayi kowa shi kaɗai. Abunda ya fito shine mutane na raina yanda abokin hirarsu ya so su, wato an fi son ka fiye da yanda kake zato, kuma masu kunya ne giɓin ya fi faɗi a wajensu. Ni abunda nake yi, ina ba kaina minti biyar, in rubuta abu ɗaya da ya tafi daidai da abu ɗaya da zan gwada nan gaba, in rufe littafin. In tunanin ya dawo, kuma zai dawo, sai in tashi in kama wani abu da hannu, wanki ko shara ko ma menene, don gardama da shi a kwance bata ƙarewa.

Laifi ne in na tafi da aboki?

Ba laifi, a farko ma yana da kyau. Amma ku yi magana tun a hanya cewa zai barka kai kaɗai na minti goma a tsakiya, in ba haka ba ya zama wata wayar.

In gaya wa mutane ina da wannan matsalar?

Ba kowa ba. Mutum ɗaya ko biyu da ka yarda dasu sun isa, musamman waɗanda suka fi gayyatarka, don da yawa suna fassara ƙin zuwanka da girman kai ko ka daina yi dasu. "Ba wai bana son zuwa bane, taro ne ke tayar min da hankali, ka cigaba da kirana" ta isa. A cikin taro ma wani lokacin in kace "ni fa ban san kowa a nan ba" sai kaji na kusa da kai yace wlh nima.

Na daɗe ina ƙin zuwa har an daina gayyata ta. Shikenan na rasa su?

Da wuya. Yawanci ba fushi suka yi ba, sun gaji da jin a'a ne suka ɗauka baka so. Yanzu kai zaka fara, kuma kar ka tsaya dogon ban haƙuri, "kwana biyu, ka faɗo min a rai, yaushe kake da lokaci mu haɗu" ya wadatar. Ka faɗi rana da waje, don "sai mun haɗu" ba ta taɓa haɗa kowa ba. Daɗin kai ka gayyata shine kai ke zaɓen komai, mutum ɗaya, waje mara hayaniya, awa ɗaya. Wani zai amsa da murna, wani zai yi shiru, wannan kuma dole ka haƙura dashi.

In sababbin abokai kake nema ka sani abun na cin lokaci. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya ƙiyasta a 2018 cewa ana buƙatar wajen awa 50 tare kafin wanda ka sani ya zama abokin sama-sama, wajen awa 90 ya zama aboki, sama da 200 kuma ya zama amini. Shi yasa abunda ake haɗuwa duk sati, aji ko motsa jiki ko aikin sa kai, yafi fati ɗaya da za'a watse ba'a sake ganin juna ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ba zuwa ɗaya ake nufi ba.

To idan abunda nake tsoron ya faru da gaske fa?

Zai faru wata rana, bazan maka ƙarya ba. Ni na taɓa kiran wani da sunan da ba nashi ba har sau uku a zama ɗaya, a na ukun ya gyara min a gaban mutane, naji kamar ƙasa ta tsage, na kwana biyu ina jin zafin abun. Bayan wasu watanni muka sake haɗuwa na bashi haƙuri, sai ya tsaya yana kallona, sam bai tuna ba, saida na bashi labarin daga farko. Wani lokacin kuma za'a tuna, wani ma zai yi dariya, akwai marasa kirki a duniya. Amma abunda zaka gano shine zafin na da iyaka, kwana ɗaya ko biyu ne ya wuce, kuma sanin cewa zaka iya ɗaukarsa yafi sanin cewa ba zai faru ba ƙarfi, don na biyun ba wanda zai iya baka tabbacinsa.

Akwai abunda zan ɗan sha ya kwantar min da hankali kafin in fita?

Kar ka fara. Giya ko ƙwaya ko maganin barcin da wani ya baka duk kariya ce irin wadda muka faɗa, kuma ita tafi kowacce haɗari don tana kama mutum, masu wannan lalurar da yawa ta nan suka faɗa shaye-shaye. Abubuwan sha masu kafeyin da yawa, irin su kofi, ma ka rage su ranar fita, suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu, jikinka kuma zai fassara hakan da tsoro.

Yaushe ya kamata in ga likita?

In abun ya kai kana fashin aji ko aiki, ko ka ƙi ƙarin girma don kar a sa ka magana, ko ka kwashe watanni baka fita, ko ka fara shan wani abu don ka iya shiga mutane, ko baƙin ciki ya haɗu da fargabar. In kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ba na jira bane, yau ɗin nan ka gaya wa wani ka nemi asibiti. Yana da kyau ma a duba jikinka, don akwai cutukan jiki kamar na maƙoƙo da ke kawo bugun zuciya da gumi da rawar hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum miliyan 301 ne suka yi fama da lalurorin fargaba iri-iri a shekarar 2019, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani, alhali maganin akwai shi. Wanda aka fi tabbatar da ingancinsa shine zama da ƙwararre ana gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake taƙaita sunansa da CBT, kusan duk abunda na faɗa a sama daga can aka samo shi. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, a ƙa'idarta ta 2013 shi ta sa a gaba, sannan magungunan da ake kira SSRI ga wanda ya fi son magani, su kuma likita ne ke rubutawa, sukan ɗau makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba'a daina su rana ɗaya.

Wata nawa zan ɗauka kafin in ga canji?

A tsarin da NICE ta shimfiɗa, zama har 14 ne na minti 90 cikin wajen wata huɗu, wannan da ƙwararre kenan. Mai yi shi kaɗai zai iya fin haka, kuma tafiyar ba miƙaƙƙiya bace, zaka yi sati uku lafiya lau sannan wata rana ka soke fita ka kwanta. In hakan ta faru kar ka yaga takardar, ka koma matakin da ke ƙasa da wanda ya kayar da kai ka yi shi cikin kwana biyu ko uku. Ni har yanzu cikina na ɗan murɗawa in zan shiga wajen da ban san kowa ba, da maki 80 nake bashi, yanzu baya wuce 30, kuma yawanci kafin in gama gaisawa da mutum na biyu na manta dashi.